Kalmomi Uku a Bayan Hoton Sahabi

Duk wanda ya ci kasuwar Filinge a ƙarshen zamanin Faransa ya san Sahabi mai igiya. Dogo ne, baƙi, ya ɗan ranƙwafa tun bai tsufa ba. Wurin zamansa gefen 'yan tukwane, ƙafa ɗaya a miƙe, kaba a jiƙe cikin ƙwarya, yana tufkar igiyar guga yana kallon ƙasa. Ba shi da faɗa, ba shi da raha. Masu surutu sukan ce Kumasi ce ta cinye masa baki. Ƙarya suke yi. Kumasi ba ta yi masa kome ba, shi ya yi wa kansa, da hannunsa na dama da alƙalamin aro, kuma wallahi ba da mugun nufi ba.

Ɗan fari ne wurin Habsatu, wata mai kaɗin auduga a wani ƙauyen Kurfai, tafiyar hantsi daga Filinge. Ubansa ya rasu da wuri, ya bar wa Habsatu shi da ƙanwarsa Fati da gona ɗaya mai yashi. Shekarar da dogarai suka zo neman yaran da za a kai lakwal, makarantar bokon Faransa, kowace uwa ta ɓoye nata. Habsatu ta cusa Sahabi cikin rumbu ta rufe. Ƙaiƙayin hatsi ya shige masa hanci, ya saki atishawar da aka ce har jakin maƙwabta sai da ya zabura. Haka aka zaro shi, fari fat da ƙura, aka tasa shi gaba. Habsatu ta bi su har bakin gari, ta dawo ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi.

Bai daɗe a lakwal ba, aka sako shi saboda gona. Amma ya fito da rubutu mai kyau, kai ka ce da zare aka ja layinsa, ya kuma fito da ɗan girman kai irin na wanda ya san abin da sa'o'insa ba su sani ba. Akwai wani mushe, malaminsu, da aka yi wa canjin wurin aiki, ya bar wa 'yan aji hotonsa manne a bango. A ƙasan hoton ya rubuta da Faransanci, En souvenir de, sannan sunansa. Ma'anarsa dai, ga abin da za ku riƙa tunawa da ni. Wannan abu ya burge Sahabi ƙwarai. Ya ce a ransa, ashe haka manyan mutane ke yi in sun yi nisa.

A zamanin nan, saurayin Kurfai da bai taka Gwalkwas ba, wato ƙasar da Kumasi take, 'yan mata ba sa ko amsa masa sallama da kyau. Ana gama girbi a ɗaure gero, samari su kama hanyar kudu, su yi dako a kasuwar Kumasi ko su shiga ramin zinariya, kafin ruwan farko su dawo da atamfa da tabarau da abin biyan lanho, wato haraji. Sahabi ma ya bi sahu. Ranar tafiya Habsatu ta ƙulla masa garin gero da barkono a tsumma, ta miƙa masa tana kallon wani wuri daban.

"Kai," ta ce, "ka dawo kahin shibka."

Bai dawo ba. Damina ta farko ya ce abin da ya samu bai kai keke ba. Ta biyu ya ce ga keke, amma wane irin mutum ne zai shiga gari da keke babu akwati? Ba mugun ɗa ba ne, a'a. Yaro ne mai son a ce ya yi. Sai dai duk ranar da ya ga hadari ya taso sai ya tuna mata biyu a gonar yashi suna sunkuye. Don ya kwantar wa uwarsa hankali, ya kuma kwantar wa kansa, sai ya yanke shawarar aika mata hoto.

A bakin Zango, unguwar Hausawa a Kumasi, akwai mai hoto da ke ba da aron kwat da agogo. Ya sa wa Sahabi kwat ɗin da hannunta bai kai masa wuyan hannu ba, ya tsayar da shi kusa da wani ɗan teburi mai tulun furannin takarda, ya ce kada ya motsa, kada ya ƙifta ido, kada ya yi dariya. Sahabi ya bi umarni har ya wuce gona da iri. Hoton ya fito fuska a ɗaure, ido a ƙafe, hannu ɗaya a kan teburin furanni.

To, sai rubutun baya. Da ya rubuta da Faransanci, da an zauna lafiya. Da ya kai wa malami ya rubuta masa da ajami, da an zauna lafiya. Amma ina! Ai shi yanzu mutumin ƙasar Ingilishi ne, ya iya ciniki da shi, ya iya zagi da shi, dole mutanen Kurfai su gani da idonsu. Ya shiga wani kanti ya tambayi akawu yadda ake cewa souvenir da Ingilishi. Akawun yana fama da jama'a, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, memory. Sauran biyun Sahabi ya sani, en shi ne in, de shi ne of. Ya ari alƙalami, ya gyara zama, ya jera su ɗaya bayan ɗaya da kyakkyawan rubutun nan nasa: In memory of Sahabi.

Kai jama'a! Kowace kalma a cikin ukun nan, in ka ɗauke ta ita kaɗai, daidai ya fassara ta. Babu malamin da zai ja masa kunne a kan ɗaya. Haɗuwarsu wuri ɗaya ce bala'i, shi kuwa ya riƙa ɗaga hoton yana duba rubutun yana murmushi, har ya nuna wa abokan ɗakinsa waɗanda ba su san alif ba.

Ya ba da hoton ga wani Buba, Bafillace mai koro shanu daga wajen Tondikandiya, wanda zai koma gida. Ya haɗa masa da saƙon baki: a ce wa Inna yana nan lafiya lau, ya yi ƙiba, baɗi war haka yana gida da keke. Buba mutumin kirki ne, amma zazzaɓi ya kwantar da shi a Yamai. Ya ba wani direban kamyo, babbar motar kaya, hoton, direba ya ba wata mai sayar da gishiri a kasuwar Filinge. Hoton ya iso hannun Habsatu bayan watanni, a naɗe cikin tsumma. Saƙon bakin kuwa ya faɗi a hanya, babu wanda ya tsince shi. Kuma a daidai wannan rani ne jita-jita ta cika Kurfai cewa rami ya rufta da wasu 'yan cin rani a Gwalkwas, ba a san sunayensu ba.

Abin da ya biyo baya, Fati ce ta ba Sahabi labari daga baya, tana yi tana share hawaye. Habsatu ta ɗauki hoton ranar kasuwa ta kai wa sabon mushe. Ya juya ya juya, ya ce wannan ba Faransanci ba ne, a kai wa Baba Dodo mai goro. Dodo tsoho ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a Gwalkwas, kuma aikin da ya yi shekara da shekaru shi ne yankan ciyawa a maƙabartar Turawa. Bai iya karatun Ingilishi ba. Amma kalmomin nan uku ya san siffarsu kamar tafin hannunsa, don babu dutsen da bai share ƙarƙashinsu ba. Ya dubi rubutun, ya juya ya dubi furannin, ya dubi fuskar da ba ta murmushi. Goron da ke hannunsa ya faɗi.

"Baba Dodo, mi aka rubuta?" in ji Habsatu.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Habsatu, sai haƙuri."

"Mi aka rubuta, na ce."

"Rubutun kan kabari ne. Haka suke sa wa mamatansu. Ga sunanshi nan a ƙarshe."

Kada kowa ya zagi Dodo. Gaskiya ya faɗa, haka Ingilishi yake, ba shi ya ƙirƙire shi ba. Habsatu ta karɓi hotonta, ta yi masa godiya, ta tako da ƙafa har ƙauye cikin rana ba ta sha ko ruwa ba. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, aka raba gumba. Ta ba da hauyarsa da takalmansa sadaka. Matar da ko ranar mutuwar mijinta ba a ga hawayenta ba, sai ga shi tana kuka tana daka, tana kuka tana kaɗi, har yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin kome sai inuwa. Hankalinta ma ya tsaya cik a ranar kasuwar nan, ya ƙi gaba.

Sahabi yana can bai san wainar da ake toyawa ba. Fiye da shekara bayan aika hoton, ya sami aikin ɗaukar siminti wurin wani magini da ke katange maƙabartar Kirista. Da rana ta take aka ba su hutu, ya nemi inuwa ya jingina da wani farin dutse. Idonsa ya sauka a kan rubutun, sai ya yi tsalle don murna. In memory of! Ga shi nan a sassaƙe, harafi da harafi, yadda ya rubuta. Ashe Ingilishinsa ya kai har a sa a dutse! Ya matsa ga dutse na gaba, shi ma haka. Na gaba, haka. Murmushin ya fara bushewa a bakinsa. Ya bi layin yana sauri, ya tsallaka wani layin, ko'ina kalmomin nan uku, ƙarƙashinsu suna, ƙarƙashin suna mutum a kwance.

Can gefe akwai wani tsohon malamin makaranta, Ba'asante, mai tabarau, yana cire ciyawa a kabarin matarsa. Tsohon yana jin Hausar Zango. Sahabi ya durƙusa ya gaishe shi.

"Maigida, don Allah, wanga rubutu, mai rai yana iya sa shi a bayan hotonshi?"

Tsohon ya fara dariya, ya dubi fuskar Sahabi, ya daina. Ya ce, "Ba a rubuta wa mai rai wannan. In ka ce in memory of wane, to ka ce wane ya mutu, mu da muka rage muke tunawa da shi. Mai rai from yake rubutawa, wato daga wane. From your son, daga ɗanki, shi ke nan."

"Kalma ɗaya ta isa?"

"Ta isa har ta yi yawa."

"To in an riga an aika hwa?"

"Wa ka aika wa?"

"Uwata."

"Ta iya Ingilishi?"

"A'a."

Tsohon ya cire tabarau ya goge da gefen zanensa. "To ka roƙi Allah kada ta sami wanda ya iya."

Ko sallama bai yi wa magini ba. Ya karyar da keken, ya bar akwatin, ya hau motar farko da ta nufi arewa. Duk tsawon hanya yana lallashin kansa: wa ya iya Ingilishi a Kurfai? Babu. Mushe Faransanci ya sani. Liman Larabci. Ai Buba ma ya kai saƙon baki. Sai da suka ƙetare kogi suka shiga Yamai, ya ga wani tsoho yana yayyafa wa goronsa ruwa, sannan ya tuna da Baba Dodo. Daga nan abinci bai ƙara shiga bakinsa ba har Filinge.

Da hantsi ya iso ƙauye. Matan da ke bakin rijiya suka ɗago suka gan shi, wata ta saki guga da igiyar duka, suka watse suna salati. Maza suka fito da sanduna, suka tsaya nesa. Liman ya ce in mutum ne ya karanta Ƙulhuwallahu. Ya karanta. Wani mai ƙarfin hali ya matso ya mintsine shi, ya duba ƙasa ya ga yana da inuwa. Sai gari ya ruɗe da guɗa da kuka da dariya. Fati ta sheƙo a guje ta faɗa jikinsa, tana dukan ƙirjinsa tana cewa, "Yaya, ka kashe mu! Yaya, ka kashe mu!" Ta ja hannunsa zuwa gida, jama'a na biye, kowa na son ya ga yadda uwa za ta yi.

Habsatu tana zaune a inuwar rumbu, ta rame ta zama rabin yadda ya bar ta, tana laluben auduga tana cire gurya. Sahabi ya zube gabanta.

"Inna, ni ne. Na dawo."

Ta karkata kai. "Wane ne?"

"Inna, Yaya ne," in ji Fati. "Bai mutu ba. Kuskuren rubutu ne."

Habsatu ta miƙa hannu ta shafa fuskarsa. Yaro ya tafi ba gashi a haɓa, ga wannan da gemu. Wuyan yaronta siriri ne, na wannan dako ya mayar da shi kamar turmi. Muryar ma ta buɗe, Hausar ta karkace irin ta mutanen kudu. Ta janye hannunta a hankali.

"Ku ji tsoron Allah," ta ce. "Kada ku yi mini wasa da mamaci. Sahabi ya rasu. Sahabina yana Kumasi a kwance."

Wayyo! A nan ne abin ya soke shi inda bai zata ba. A Kurfai uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Tun da aka haife shi, daga "kai" sai "wancan", ko ta buga ƙwarya ya san shi ake nema. Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Yau ga shi ta faɗa har sau biyu, da taushi, ba ko ɗar, saboda a wurinta mai sunan ba ya duniya balle a ji kunyarsa. Ya kifa kai a ƙasa ya yi kuka kamar yaron goye, jama'a suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Bai haƙura ba. Abin da yake so a duniya ɗaya ne, uwarsa ta san shi ne. Ya aske gemu. Ya kama hannunta ya ɗora a kan tabon ƙaurinsa, inda gatari ya sare shi yana ƙarami ita ta ɗaure da tsumma. Ta shafa ta ce, "Allah mai iko, shi ma yana da irin wanga." Ya ba ta labarin rumbu da atishawa. Ta yi murmushi ta ce duk gari an san wannan. Liman ya yi rubutu aka ba ta ta sha. Wata rana ma, don ruɗewa, ya zauna gabanta yana yi mata bayanin Faransanci da Ingilishi, wai en shi ne in, wai from ya kamata ya sa. Ka ji fa, tsohuwa makauniya tana tsinta gurya, ana karanta mata Turanci! Ta saurare shi da ladabi har ya gama, ta ce a kawo wa baƙo ruwa.

Ya je Filinge ya ɗauko Baba Dodo a kan jaki. Tsohon ya tsuguna gabanta, shi ma tun ranar da ya ji labari barci ya ƙaurace masa. Ya ce, "Habsatu, ni na yi kuskure. Idona ne ya tsufa, ban karanta daidai ba. Ɗanki ne wanga." Ƙarya ya yi wa kansa don ya gyara, Allah ya gafarta masa.

"Baba Dodo," ta ce, "kai mai tausayi ne. Amma ran nan idona yana gani. Na ga huskarka."

Abin da ya fi muni, duk ranar da aka matsa mata, sai mutuwar ta dawo mata sabuwa fil, kamar yau aka faɗa mata. Ta yi ta kuka, ta ƙi fura ta ƙi tuwo har kwanaki. Bayan wani irin wannan, da tsohuwar ta kusa rasuwa, Fati ta tare shi a bakin zaure. Ita ce ƙanwa, amma ranar ba ta sunkuyar da kai ba.

"Yaya, ka bari haka nan. Ka kashe kanka sau ɗaya, ta rayu da ƙyar. Kullum ka ce kai ne, sake kashe mata shi kake yi."

Ya bari. Ya gina ɗaki a gefen gidan, ya ari hauya ya shiga gonar yashi. Habsatu ta sa masa suna Baƙon Kumasi, ta kuma so shi ƙwarai, don a ganinta abokin ɗanta ne da ya zo riƙe amana. In ya kawo mata itace sai ta ce, "Sannu, ɗan mutane." In ya zauna sai ta yi ta ba shi labarin Sahabi, yadda yake da kyan rubutu, yadda yake son ɗanwake, yadda ba ta taɓa gaya masa tana alfahari da shi ba don kunya. Yana zaune yana ji, yana tufkar igiya don hannunsa ya sami abin yi. Da haka ya koyi sana'ar. Ya auri wata Hawa, mace mai haƙuri, ita ma ta saba da cewa "Baƙo" in tana gaban tsohuwa.

Bai ƙara taka Gwalkwas ba, bai kuma ƙara rubuta Ingilishi da hannunsa ba. Amma ranar da 'yan cin rani za su hau mota a Filinge, mutumin nan da ba ya magana sai ya ajiye igiya ya je bakin kamyo. Ya kama wannan ya kama wancan, yana cewa in za su aiko da hoto su sa a rubuta from, sannan suna, kada su ƙara kome, kuma kada su tsaya kusa da furanni. Samari su yi ta dariya suna ce masa Mushe From. Bai taɓa yin fushi ba, sai ya tabbatar kowa ya maimaita sannan ya koma wurin zamansa.

Haka aka yi damina bayan damina, har shekarar da aka fara maganar Faransa za ta tattara kayanta. A ransa bai taɓa fid da rai ba. Yana ganin wata rana, ko da a ƙarshe ne, hankalinta zai buɗe ta ce masa "kai" irin na da. Da ciwon ajali ya kama ta, gero yana bununi. Wata la'asar ta ce a fito da ita inuwar rumbu, a kira mata Baƙon Kumasi. Ya zo da sauri, ya zauna dab da tabarmar. Ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"Akwai abin da na daɗe ina son tambayarka, ina tsoron amsar," ta ce. "Kana nan ran da Sahabi ya cika?"

Ya dubi Fati. Fati ta sunkuyar da kai. Ya buɗe baki zai ce Inna ni ne, kalmar ta zo har kan harshensa. Ya dubi hannun da ke riƙe da nasa, ƙashi da fata, yana jira.

"Ina nan," ya ce.

"Cikin arna ya mutu, ko da Musulmi kusa?"

"Da Musulmi. 'Yan Kurfai duka suna nan."

"Wa ya yi mishi wanka?"

"Ni na yi mishi, Inna. Da hannuna."

"An dubar da shi gabas?"

"An dubar da shi."

Ta saki wani dogon numfashi, fuskarta ta warware yadda bai taɓa gani ba tun dawowarsa. Ta ce alhamdu lillahi, ta ce abin da ya hana ta barci ke nan duk shekarun nan, kada a ce an binne mata yaro kamar ba shi da kowa. Ta yi ta sa masa albarka, shi yana cewa amin, hawaye na zuba a kan kabar da ke cinyarsa. Can sai ta ƙara matse hannunsa.

"Kai kuma, uwarka tana raye?"

"Tana raye."

"Ta san inda kake?"

Da ƙyar ya ce, "Ba ta sani ba."

"Haba, ɗan mutane! Wanga ba daidai ba ne. Ni na gode, ka yi mini abin da ɗa ke yi. Amma gobe ka tahi gida. Ba ka san yadda jira yake ba. Ka ji ko?"

"Na ji, Inna," ya ce, ya gyara mata zanen da ya zame daga ƙafarta.